Ɗaga Iyakar Juyin Injin Mota: Abin da Kwamfuta Ke Iyawa da Abin da Sai Ƙarfe

Wani matashi daga unguwar Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ya aiko mini da tambaya a kan motarsa, Honda Accord ƙirar 2005 mai silinda huɗu da giyar hannu. Ya ce duk lokacin da ya take totur a giya ta biyu, da zarar allurar agogon juyi ta shiga jan layi sai injin ya riƙa yankewa yana fizga kamar mai ya ƙare, kuma wani mai gyaran wutar mota a Kano ya shaida masa cewa zai iya buɗe masa wannan iyaka da kwamfuta ya kai ta juyi 8,000 a minti cikin ƙasa da awa guda. Yana so ya san ko hakan zai ƙara wa motar gudu, da kuma abin da ya kamata ya canza a injin idan ya yanke shawarar yi.

Ƙanena, na gode da ka tambaya kafin ka miƙa makulli, domin yawancin waɗanda nake gani sai bayan an jawo motar da igiya suke tambaya. Mai gyaran nan bai yi maka ƙarya ba a kan abin da kwamfutarsa za ta iya. Iyakar juyi lamba ce da aka rubuta a cikin ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, kuma kamfanoni irin su Hondata da KTuner sun daɗe suna sayar da kayan da ake sauya irin waɗannan lambobi a injinan Honda. Abin da bai gaya maka ba shi ne cewa lambar shaida ce kawai a kan abin da ƙarafan da ke cikin injin za su iya ɗauka, don haka sauya ta ba ya ƙara wa ko noti ɗaya ƙwari. A aikin da aka yi shi yadda ya kamata, ɗaga wannan lamba shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, bayan an gama komai.

Yankewar da kake ji ba lalacewa ba ce. Akwai na'ura a jikin karanshaf, wato babban sandan da fistan ke juyawa a ƙasan injin, da ke ƙirga juyinsa tana aika wa birenbos, kuma idan juyin ya kai inda aka tsara, sai birenbos ya rufe nozul ya hana fetur shiga silinda na ɗan lokaci ƙanƙani, juyin ya sauka kaɗan, ya sake buɗewa. Wannan rufewa da buɗewa ita ce fizgar da ke girgiza ka a kujera. Wasu masu gyara suna mayar da tsarin ya koma yanke wutar fulogi maimakon yanke mai, sai fetur ɗin da bai ƙone ba ya tafi salansa ya fashe a can, wanda shi ne ƙarar harbi da tartsatsin da masu wasan mota a wajen biki ke so. Wannan ƙara ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, sai dai ta cinye salansa da bawul ɗin fitar hayaƙi. Haka kuma kada ka haɗa iyakar juyi da iyakar gudu, irin na'urar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta wa motocin haya, ko iyakar kilomita 180 da ake sa wa motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan. Waccan tana duban gudun taya ne, wannan kuwa tana duban juyin karanshaf ko da motar tana tsaye.

Sai mu zo kan injinka. Accord irin ta Amurka ta 2003 zuwa 2005 mai lita 2.4 tana ɗauke da injin da Honda ta sa wa suna K24A4. Yana ba da ƙarfin doki 160 a juyi 5,500 a minti, ƙarfin murɗarsa mafi girma yana zuwa ne a 4,500, jan layinsa kuma yana farawa a 6,500. Ka dubi waɗannan lambobi uku da kyau, domin rabin amsarka tana cikinsu. Tun daga 5,500 ƙarfin injin ya fara sauka, wato kafin ka isa jan layi ka riga ka wuce ƙololuwar ƙarfinsa da juyi dubu guda. Dalili shi ne injin famfon iska ne: gwargwadon iskar da ya iya shaƙa a kowane buɗewar bawul, gwargwadon fetur ɗin da zai iya ƙonawa. Kamshaf ɗin da ke cikin wannan injin, wato sandan da ke tura bawul ya buɗe, an yanka shi ne don ya cika silinda sosai a juyin da ake tuƙin yau da gobe, kuma ya rage shan mai. Idan juyi ya yi yawa, lokacin da bawul ke yi a buɗe yana gajarcewa, silinda ba ta cika ba sai a rufe ta, kamar mai ɗibar ruwa a famfo da ake janye masa bokiti tun bai kai rabi ba. Idan aka buɗe maka zuwa 8,000 a haka, abin da za ka samu shi ne ƙarin juyi 1,500 na hayaniya inda motar ke ja ƙasa da yadda za ta ja da ka sa giya ta gaba.

Gudun ƙarshe ma ba zai ƙaru ba. A giya ta biyar, mota irin taka ba iyakar juyi ke tsayar da ita ba, iska ce ke tare ta, kuma ƙarfin da ake bukata don ratsa iska yana ninkuwa kusan sau takwas idan aka ninka gudu sau biyu. Wanda ya ƙara juyi bai ƙara doki ba, ba abin da ya sauya a nan.

To amma bari mu ɗauka ka ji wannan kuma duk da haka kana son injin mai juyi da yawa, wanda ni ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya taɓa jin injin da aka gina da kyau yana kuka a sama ya san abin yana da daɗi. A nan ne ya wajaba ka fahimci abin da ke faruwa da fistan. A injinka, tazarar da fistan ke yi daga sama zuwa ƙasa milimita 99 ce, faɗin silinda kuma milimita 87, wato injin ne mai doguwar tafiya. A kowane juyi guda fistan yana yin wannan tafiya sau biyu, yana tsayawa cak a sama, ya juya, ya tsaya cak a ƙasa, ya sake juyawa. Idan ka yi lissafi, a juyi 6,500 matsakaicin gudunsa kusan mita 21 da rabi ne a kowane sakan. A 7,600 ya kai mita 25. Wannan adadi na 25 injiniyoyi suna girmama shi ƙwarai, kuma zan nuna maka dalili da misalan da ba su da alaƙa da juna.

A 1999 Honda ta fitar da motar S2000 da injin F20C mai kaiwa juyi 9,000, abin da ya ba duniya mamaki a motar da ake sayarwa kowa ya hau titi da ita. Tafiyar fistan ɗinta milimita 84 ce, don haka a 9,000 gudun fistan mita 25 ne da ɗoriya kaɗan. Bayan 'yan shekaru, da kamfanin ya so ƙara wa injin girma don kasuwar Amurka, ya tsawaita tafiyar zuwa milimita 90.7, sai ya sauke jan layin zuwa 8,000. Su da suka ƙera injin da hannunsu, da suka ƙara milimita bakwai ba cikakku ba, sai da suka janye juyi kusan dubu. Motocin tseren Formula 1 kuwa, a zamanin injin silinda takwas da aka ƙayyade musu juyi 19,000 a 2007, tafiyar fistan ɗinsu ba ta kai milimita 40 ba, kuma idan ka buga lissafin nan sai ka sake faɗowa kusa da mita 25. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, Accord ɗinka a juyi 7,600 tana wahalar da fistan ɗinta daidai da yadda S2000 ke yi a 9,000, alhali ita S2000 tun daga tushe aka gina ta da kayan da za su jure hakan. A 8,000 ɗin da aka yi maka alkawari kuwa, ka haura mita 26.

Abin da ya fi gudun muni shi ne fizgar tsayawa da juyawa, domin ita ba ta ƙaruwa daidai da juyi, ninkin kanta take yi. Daga 6,500 zuwa 7,500 ka ƙara juyi da kashi 15 cikin ɗari ne kawai, amma nauyin da ke kan kwanrod, wato ƙarfen da ya haɗa fistan da karanshaf, ya ƙaru da kashi 33. Zuwa 8,000 ya ƙaru da fiye da rabi. Don sauƙin lissafi, mu ɗauka fistan da ringinsa da ƙarfen da ya soke shi sun yi rabin kilo. A injinka, lokacin da ya isa sama zai juyo a 6,500, yana jan kwanrod da nauyin da ya kai kusan tan ɗaya da rabi, kamar buhun masara mai kilo ɗari guda goma sha biyar. A 7,500 buhunan sun zama ashirin. Kuma wannan ja ya fi tsanani ne a ƙarshen fitar hayaƙi, lokacin da babu matsin iska a saman fistan da zai tare shi, sai ya zama ƙusoshi biyu da suka ɗaure gindin kwanrod a jikin karanshaf su kaɗai ke riƙe da shi, fiye da sau hamsin a kowane sakan.

Na taɓa kwance wani injin ƙaramar mota da aka kawo mini bayan an ɗaga mata iyaka ba tare da an taɓa komai a ciki ba. Mai ita ya ce ta yi makonni tana lafiya, rannan kuma ya ji ƙara ɗaya kamar an jefa guduma a cikin tukunya, sai baƙin mai ya malale a kwalta. Akwai rami a gefen bulok da hannuna ya shiga. Da na tsamo ƙusar kwanrod daga cikin kaskon baƙin mai, sai na ga ba karyewar farat ɗaya ta yi ba: tsakiyarta ta sirance kamar wuyan kwalba, alamar ta daɗe tana miƙewa kaɗan-kaɗan, kuma fuskar karayar rabi sumul ne, rabi kuma garje, wato tsagewar ta jima tana tafiya kafin ragowar ya balle. Sauran kwanrod ukun da suka tsira na auna ƙusoshinsu, duk sun ƙara tsawo. Makonnin da mai motar ya ɗauka na lafiya ne, a cikinsu ne ƙarfen ke gajiya, kuma babu wata fitila a gaban direba da ke nuna hakan. Wannan shi ya sa idan wani ya ce maka ai an yi wa motar wane kuma ga ta tana yawo, ba hujja ya ba ka ba.

A saman injin kuma akwai wata matsalar da sau da yawa ita ke riga zuwa. Kamshaf ne ke tura bawul ya buɗe, amma ba shi ke rufe shi ba, sifirin ne ke dawo da shi. A juyi 6,500 kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 54 a sakan, a 7,500 kuma sau 62 da rabi. Idan sauri ya fi ƙarfin sifirin, sai bawul ya daina bin bayan kamshaf, ya yi ta shawagi a buɗe lokacin da ya kamata a ce ya zauna, ko kuma ya zauna da ƙarfi ya yi tsalle ya sake buɗewa. Injinka irin wanda fistan da bawul ke amfani da wuri ɗaya ne a lokuta mabambanta, don haka bawul ɗin da ya makara da ɗan ƙanƙanin lokaci fistan zai same shi a hanya. Sakamakon mai sauƙi shi ne bawul ya lanƙwashe motar ta fara rawa a tsaye. Mai tsanani shi ne kan bawul ya gutsure ya faɗa cikin silinda, ya farfasa fistan ya huda kan injin. Ka kuma tuna cewa sifirin ɗin da ke motarka ya yi shekara wajen ashirin yana aiki cikin zafi, ba shi da ƙarfin da ya fito da shi daga masana'anta. Wannan matsala ta sifirin ce ta sa kamfanin Renault ya shigo da rufe bawul da matsin iska a tseren Formula 1 a 1986, ita ce kuma ta sa Ducati ke amfani da tsarin da kamshaf ke buɗe bawul ya kuma rufe shi da kansa a baburansu.

Saboda haka aikin gaskiya daga nan yake farawa: sifirin masu ƙarfi da aka yi don kamshaf ɗin da za a sa, da faranti marasa nauyi da ke riƙe su a saman bawul, galibi na ƙarfen titaniyam, sannan kamshaf mai buɗe bawul sosai ya kuma daɗe a buɗe, wanda shi ne zai matsar da ƙarfin injin zuwa sama har ƙarin juyin ya zama yana da amfani. Kowane ɗaya a cikinsu yana da farashinsa ban da kuɗi. Sifirin mai tauri yana cin kamshaf yana kuma ƙara wa sarƙar tayimin da abin ɗaure ta nauyi, wanda a wannan jinsin injin sanannen wuri ne mai rauni idan aka sa kamshaf mai zafi. Kamshaf mai zafi kuma yana rage ƙarfin ƙasa, sai ka ga motar ta yi sanyi a cunkoson kasuwa da na'urar sanyaya mota a kunne, inda a nan ne za ka yi kashi tara cikin goma na tuƙinka. Bayan an sa su dole a auna ratar da ke tsakanin bawul da fistan kafin a tayar da injin, ba a yi ta da ka ba.

Honda da kanta ta nuna mana yawan aikin. Injin K24A2 da ta sa a Acura TSX ta 2004 faɗinsa da tafiyarsa ɗaya ne da naka, amma yana ba da doki 200 a juyi 6,800, jan layinsa kuma 7,100. Don ta sami wannan ƙarin juyi 600, sai da ta sauya kan injin da kamshaf, ta sa cikakken tsarin VTEC mai sauya buɗewar bawul a ɓangaren shiga da na fita, alhali naka a ɓangaren shiga kawai yake aiki kuma don tattalin mai aka yi shi, ta ɗaga matsin silinda daga 9.7 zuwa 10.5, ta kuma ƙarfafa kwanrod da karanshaf. Toyota ma haka ta yi. Injin 1ZZ da ke cikin Corolla ɗin da suka cika garin nan tafiyarsa milimita 91.5 ce, kuma da suka so mai juyi kusan 8,000 ba su buɗe masa lamba ba, sai suka haɗa kai da Yamaha suka ƙera 2ZZ mai faɗin silinda da gajeriyar tafiya ta milimita 85.

Sai baƙin mai, kuma a nan ne yanayinmu ke shigowa da ƙarfi. Karanshaf ba ya taɓa metal ɗinsa, wato siraran ƙarafan da yake juyawa a cikinsu, idan komai na tafiya daidai, yana yawo ne a kan wani siririn shimfiɗin mai da bai kai kaurin gashin kai ba. Yawan juyi yana ƙara zafi, zafi yana tsinka mai, kuma famfon mai idan aka juya shi fiye da abin da aka ƙera shi a kai sai ya fara jawo kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. Famfon injinka a haɗe yake da wasu sanduna biyu masu rage girgiza waɗanda ke juyawa ninki biyu na karanshaf, wato idan kana 8,000 su suna 16,000, shi ya sa masu gina wannan injin don yawan juyi ke cire shi su sa famfon injin K20. Yanzu ka ɗora wannan a kan zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto, da baƙin man jabu da ke yawo a kasuwa cikin galan mai kyan gani. Ka ƙara da al'adar da na daɗe ina faɗa da ita, ta cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa a haɗa fanka kai tsaye, da zuba mai kauri 20W-50 a injin da aka ƙera don mai mai laushi wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ke cikin wannan hali ko jan layinsa na asali bai kamata ya riƙa ziyarta ba. Idan ka sauke mai ka haska shi da tocila a rana ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, to metal ya fara tafiya, maganar ƙarin juyi ta ƙare sai an buɗe ƙasan injin.

Fetur da wuta su ma suna da nasu lissafin. A 6,500 nozul yana da kusan kashi 18 cikin dubu na sakan ya zuba man da silinda ke bukata, a 8,000 kuma kashi 15 ne, alhali idan kamshaf ya ƙara iska to man da ake bukata ya ƙaru. Nozul ɗin da ya kusa zama a buɗe koyaushe ya kai ƙarshen iyawarsa, daga nan mai zai gaza, wuta ta yi zafi fiye da kima, ta narkar da gefen fistan ko bakin fulogi. Gidajen manmu kuma fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓin mai juriya da za ka ce a zuba maka, kuma ingancinsa yana bambanta daga wannan gida zuwa wancan. Duk wanda zai ɗaga matsin silinda ko ya gaggauta wutar fulogi a nan dole ya bar rata mai yawa, in ba haka ba injin zai riƙa yin ƙarar nan mai kama da ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda a juyi mai yawa kunne ba ya ma jin ta sai dai a ga ɓarnarta. Saboda haka tambayar da za ka yi wa duk mai kwamfuta ita ce, da me zai auna yawan mai da iska a hayaƙi yayin da injin ke ɗauke da nauyi, kuma a ina zai gwada. Idan ba shi da na'urar auna hayaƙi mai faɗin awo, ba ya kuma ɗora mota a kan rolar gwajin ƙarfi, to lamba kawai zai sauya, kuma ya kwafo ta ne daga motar wani a wata ƙasa mai wani fetur da wani yanayi. Ina roƙonka kada hanyar Daura ko ta Jibiya ta zama wurin gwajinku, domin hanyoyi ne na masu babura da shanu da yara 'yan makaranta.

Akwai wani abu da ya shafe ka musamman tunda giyar hannu gare ka. Iyakar juyi tana kare injin ne daga ƙafarka kawai, ba ta kare shi daga hannunka. Idan kana gudu a giya ta biyar ka nufi ta huɗu hannu ya kuskure ya faɗa ta biyu ka saki kuloci, tayoyi ne za su juya injin da ƙarfin tsiya zuwa inda bai taɓa zuwa ba, kuma ko birenbos ya yanke mai gaba ɗaya ba abin da zai hana. Na ga kan injin da hakan ta faru da shi: na jera bawul ɗin fitar hayaƙi a kan gilashi ina mirgina su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya mirgina miƙe, kowane fistan kuma da tabon jinjirin wata guda biyu a samansa. Ratar da kamfani ya bari tsakanin jan layi da inda bawul ke fara shawagi ita ce ke cetar mutum a ƙaramin kuskure irin wannan, kuma ita ce mai kwamfuta ke shirin cinye maka. Masu giyar otomatik kuwa, su sani cewa giyar tana da nata tsarin da ke sauya ta a inda aka tsara, don haka ɗaga iyakar injin kaɗai sau da yawa ba ya sauya komai a tuƙinsu.

Ban ce ƙarin juyi ba shi da amfani ko kaɗan ba. Amfaninsa na gaskiya yana wajen sauya giya: idan injin da aka gina yana ba da ƙarfinsa a sama, ƙarin juyi ɗari uku ko huɗu bayan ƙololuwar ƙarfi yana sa idan ka shiga giya ta gaba allura ta faɗo a inda injin ke da ƙarfi, ba ƙasa da shi ba. Shi ya sa ƙa'idar da nake bi ita ce a fara ganin inda ƙarfin ya tsaya a kan rolar gwaji, sannan a sa iyaka 'yan ɗaruruwa sama da wurin, matuƙar sifirin da ƙusoshin kwanrod da famfon mai an tabbatar za su kai can. Injinka a yadda yake ya riga ya sami wannan rata har da ƙari, tunda dubu guda ce tsakanin 5,500 da 6,500.

Ga abin da zan yi da motar tawa ce. Zan bar iyakar inda take. Zan fara da auna matsin kowace silinda da matsin baƙin mai da zafi, in gyara ratar bawul, wadda a wannan injin da hannu ake daidaita ta kuma yawancin masu shi ba su taɓa yi ba, in mayar da na'urar daidaita zafin ruwa idan an cire, in wanke lagireto da nozul, in sa fulogi na asali da man da littafin motar ya ce. Motoci da yawa da masu su ke kukan ba su da ƙarfi, dokin da suka fito da shi ne ya zube a waɗannan wurare, kuma dawo da shi ya fi komai araha. Idan bayan haka har yanzu ranka na son injin mai kuka a sama, to hanyar da ta fi hankali ita ce a nemi cikakken injin K24A2 na tokumbo tare da birenbos ɗinsa da wayoyinsa, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Ladipo ta Legas, a duba lambar da aka buga a jikin bulok da ido kafin a biya, domin a waje kamanninsu ɗaya da naka kuma ana sayar da wannan da sunan wancan. Da shi za ka sami 7,100 da doki 200 waɗanda masana'anta ta gwada ta amince da su. Kafin a ɗaura shi a buɗe kaskon ƙasa a duba metal, a kuma ware kuɗin kuloci da birki da tayoyi masu kyau a cikin kasafin tun farko, domin doki arba'in ɗin da aka ƙara ta kansu zai bi ya isa ƙasa. Idan ka auna matsin silindar injinka na yanzu, ka aiko mini da lambobin huɗu da nisan da motar ta yi, zan gaya maka ko ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi ko a fara neman wancan.